Abu Ghassan da Matakalar Bakin Dijla

A unguwarmu da ke birnin Mosul ba wanda bai san Thamir direban katafila ba, amma Abu Ghassan muke ce masa. Bayan yaƙi aikinsa ya koma kwashe ɓaraguzan gidaje, har da na layin da aka haife shi. Mutum mai barkwanci ya zama shiru-shiru.

Ana nan wani kamfani ya tashi gina otal a bakin kogin Dijla. Hukuma ta ce sai an haƙa ramukan gwaji tukuna, ko akwai kayan tarihi a binne. Aka turo wata ma'aikaciya, Daktora Sundus, aka ɗauki Abu Ghassan ya riƙa yaye mata ƙasa.

"Ammu, a hankali fa," in ji ta, wato baffa a bakin mutanenmu. "Ba rusau muka zo yi ba."

"'Yata, da cokalin motar nan sai in ɓare miki ƙwai."

"Ɓare min ƙasa tukuna, ƙwan ya jira."

Ramukan farko ba komai sai laka da ruɓaɓɓun bututu. Ran nan da hantsi cokalin ya gogi wani abu. Ya kashe inji ya diro. Sundus ta shiga ramin da tsintsiya, shi kuma ya durƙusa yana sharewa da hannu. Farin dutse sassaƙaƙƙe, ƙasansa wani, ƙasansa wani. Matakala ce mai gangarawa kogi, tsakiyarta ta lotsa saboda sawun mutane, ga zoben ɗaure jirgi a gefe.

Manajan kamfanin ya zo ya leƙa. "Ku ɗau hoto. Abu Ghassan, mai da ƙasa ka rufe ramin."

"Yallaɓai, rabin garin nan ni na loda shi a tifa. Wannan a tsaye na same ta. Nemi wani direban."

Aka sallame shi. Sundus kuwa ta yi ta zarya ofis-ofis don a ceci matakalar, shi ma kullum yana bakin ramin, ya jawo 'yan unguwa suna kallo, har wurin ya zama kamar kasuwa. Daga ƙarshe hukuma ta sa aka ja ginin baya, aka bar matakalar a buɗe.

Ranar da labari ya zo, ya sayo baƙlawa, kayan zaƙin garinmu, faranti guda ya rabar. Sannan ya tuɓe takalmi, ya taka matakalar har ƙasa, ya tsoma ƙafa a ruwa.

"Daktora!" ya ƙwalla, yana dariya. "Sauko mana, ba ta santsi!"