Lambar Injin Motar Baba

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa, har mai sayar da goro a Kazaure yana maganar kwangila, Baba ya sayi babbar mota mai bodin katako don jigilar hatsi zuwa Babura. Ba riba ce ta dame shi ba. Mu ne, 'ya'yansa goma sha uku, waɗanda ko tuwo ba ma ci a kwano ɗaya sai an yi shari'a. Tsoronsa kada ya mutu mu watse, yana so motar ta riƙe mu.

A jikin injin akwai wani ɗan ƙarfe da aka buga wa lamba: 102947. Baba ya ce ba za a tayar da motar ba sai an duba ko lambar na da albarka. Aka kira babban yayanmu, malamin firamare a Roni, wanda tun da ya fara sa tabarau ya daina gaishe mu.

Yaya ya shimfiɗa tabarma a inuwar motar, ya yi ta rabawa yana share gumi. Da biyu, ta ƙi. Da uku, ta ƙi. Har goma sha biyu kullum sai ta bar saura. Nan ya ajiye fensir, domin jadawalin lissafin sau da ke bayan littafin 'yan makaranta a sha biyu ya ƙare, kuma a wurin Yaya nan ilimin duniya ya ƙare.

"Baba, lambobi iri-iri ne," in ji shi. "Akwai cika masu rabuwa biyu daidai, akwai mara masu barin saura. Wannan kuwa tana cikin manyan da ba sa rabuwa da komai, sai da ɗaya ko da kansu. Ko Bature bai isa ya raba ta ba."

"Ko Bature?"

"Ko shi, Allah ya ja da ranka."

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya yanka rago, ya gaya wa duk unguwa cewa boko ya tabbatar motarsa ba mai raba ta. Ya rasu da wannan kwanciyar hankali, kuma har yau ina gode wa Allah da bai ga abin da ya biyo baya ba.

Ana gama sadakar arba'in aka kira bakanike. Wani ya ɗauki inji, wani tayoyi, Yaya mai ilimi ya kwashe katakon ya yi wa awakinsa rumfa. Ni da ba na iya faɗa, ɗan ƙarfen lambar aka ɓamɓaro aka ba ni.

Bara jikata ta gan shi a akwatina, na ba ta labari. Ta danna wayarta tana dariya.

"Kaka, ai tana rabuwa. Da sha uku."

Na tambaye ta saura nawa ya rage. Ta ce ko ɗaya.