Oba-oba a Hanyar Wara

Mun je Wara ɗauko kifi, mun dawo Shanga. Ba a sace mutum ba, amma mun bar mota ɗaya a daji. Masu kirana suna tambaya, ga yadda aka yi.

Ana sallame asuba muka tayar da motoci daga tashar Shanga. Ni a-kori-kura nake ja. A baya mata 'yan kifi ne da kwandunansu, a gaba kuma wata dattijuwa da suke kira Inna, ita ce uwar tafiyarsu. Damina ta yi nisa, shinkafa ta rufe fadama, ruwa ya cinye gefen kwalta. A Yelwa muka sha mai. Ya fi na makon jiya tsada. Mai gidan man ya ce ba laifinsa ba ne, ni ma ban ce laifinsa ba ne. Na karya da koko da ƙosai. Ƙosan Yelwa ya ƙanƙance, sai ka leƙa cikin takarda kafin ka gan shi.

A nan aka raba ayari. Daga ka wuce Birnin Yauri ka miƙi hanyar Ngaski, akwai wuraren da waya ba ta da amfani sai duba lokaci. Shi ya sa mu direbobi muka haɗa hannu muka sayi oba-oba, rediyon hannun nan na magana, irin mai araha. Ba ta jin nesa. Tudu ɗaya ya shiga tsakaninku, sai shuuu. Don haka ake kasa motoci gungu uku, kowane gungu da shugabansa mai riƙe da oba-oba. Na gaba in ya ga abu ya faɗa wa na tsakiya, na tsakiya ya faɗa wa na baya. Na gaba da na baya ba sa jin juna. In na tsakiya ya fita daga wurinsa, magana ta tsinke.

Mutanen daji ma suna da irinta, kasuwa ɗaya muke saye. Na taɓa zama a hannunsu wata damina, na ga yadda suke wuni suna murɗa ta suna sauraro. Saboda haka kowace tafiya muke canza lamba, kuma ƙa'idarmu ɗaya ce: ba a bin muryar da ba a sani ba.

Aka ba ni gungun baya. Tsakiya aka ba Baba. Shi ya koya wa rabinmu tuƙi, har da ni. Motarsa ta girmi wasu direbobin, kuma ta fi shan ruwa a kan mai. Kowa ya san tsakiya wurin mota mai lafiya ne. Amma wa zai tashi a gaban jama'a ya ce Baba ya koma baya? Muka yi shiru, aka yi addu'a, muka kama hanya.

Zuwa lafiya lau, tunda ba kaya. Gero ya yi kai a ƙasar Ngaski. Wasu ƙauyukan cike da mutane, wasu ciyawa ta shiga har ɗaki. 'Yan banga sun tsayar da mu a shingayensu, suka leƙa, suka ɗaga itace. A Wara tafki ya cika ya yi ja, jiragen inji suna ta sauke mutane daga ƙetare, kana jin Gunganci da Kambarci da Hausa a wuri ɗaya. Hayaƙin banda ya rufe bakin ruwa. Tarwaɗa ta samu, ƙarfasa ta yi ƙaranci, giwan ruwa kuwa sai kallo. Na ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Ita ce ribata ta ranar.

Bayan azahar muka juyo da lodi. A wani hawa da ke tsakiyar daji motar Baba ta tafasa. Ba a tara motoci a daji, sai ya ɗaga wa 'yan gungunsa hannu su wuce. Suka wuce. Oba-oba tana aljihunsa, babu wanda ya iya cewa ya ba shi. Da na iso da nawa gungun na tarar da shi yana ɗura ruwa a lagireto. Na tsakiya da na baya mun haɗu wuri ɗaya, na gaba ya yi nisa, ba mai jin wani.

Muna tsaye sai oba-oba ta yi magana, tawa da ta Baba a tare.

"Na baya, na baya, an tare gaba. Ku saki kwalta ku bi burtali ta hagu, ku ɓulle bakin ruwa."

Muryar a natse take, kuma a kan lambarmu ta ranar. Ban san ta ba. Baba ma ya girgiza kai. Na ce wane ne. Aka ce, "Ɗan'uwa ne, ku yi sauri."

Wani direba a nawa gungun ya riga ya murɗa sitiyari zai sauka burtalin. Na zura hannu na zare makullinsa.

"In gaskiya ce fa?" in ji shi. "Kai za ka biya ranmu?"

Na ce, "In gaskiya ce, ba mu kai wurin ba tukuna. In ƙarya ce, can ake jiranmu."

Inna ta leƙo ta taga. "Ku dai ku yi ta gardama, 'ya'yan nan. Kifin ya riga ya mutu, mu ne saura."

Abin da ya rage mana shi ne na da, kafin oba-oba: mota mai tahowa daga gaba. In tana tahowa, hanya a buɗe take. Muka zauna muna kallon kwalta. La'asar ta yi, muka yi salla kashi-kashi. Muryar ta sake kira, ta sake, har ta fara faɗa, sannan ta ɗauke. Ba wanda ya yi wasa bayan nan.

Rana ta karkata sosai kafin wata babbar mota mai ɗauke da siminti ta ɓullo. Direban ɗan Yelwa ne, mun san shi. Ya ce mutanenmu suna ƙauyen gaba suna ta kiranmu, kuma shi bai ga ko akuya a hanya ba.

Motar Baba ta ƙi tashi. Ba mai iya jan ta a wannan hawan da lodi. Muka raba kifinta a sauran motoci. Baba ya zauna a kan dutse ya ce shi zai kwana da abarsa.

Na ce, "Baba, masu kiran nan sun san muna nan. Tashi."

"Ni na koya maka riƙon sitiyari, yau kai ke ba ni oda?"

"Ni ne."

Inna ta matsa ta buɗe ƙofa. "Malam, shigo ga wuri. Ƙarfe ba shi da 'ya'ya, kai kana da su."

Ya tashi ya kulle motar da makulli, motar da ba ta da gilashi a gefe ɗaya, ya shigo tsakaninmu. Muna haye tudun muryar na gaba ta shigo. Baba ya amsa. A Yelwa muka yi magariba muka kwana, da safe muka ƙarasa gida.

Waɗanda suka koma da 'yan banga washegari sun tarar da motar ba taya, ba batir, an cinna wa kujeru wuta. Wanda ya kira mu ba mu san shi ba har yau. Burtalin kuma ba wanda ya je dubawa.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan kaɗan ne. Kunyar babba ta kusa kai mu inda bindiga ba ta kai mu ba. A zaman da aka yi a tasha ba wanda ya ce Baba ya yi kuskure, tunda duk mu muka yi shiru a Yelwa da ake raba ayari. Aka yanke cewa daga yanzu mota mai lafiya ce a tsakiya, Baba kuma ya zauna a kujerar gabanta da oba-oba a hannu, tunda muryarsa ba direban da bai sani ba. Motata aka zaɓa.

Bai yi mini magana ba tun ranar. Ya dai aiko cewa kujerar gaba tana soke shi a baya. Ina tashar Shanga yanzu, ina jiran mai ɗinkin kujera.