Gaisuwar da Na Katse

Shekarar da aka zaɓe ni shugaban manoman rani na fadamarmu a Likoro, kaina ya kumbura har na fara ganin hulata ta yi mini kaɗan. Injin ban ruwa ɗaya gare mu, ni ke tsara ranar da ruwa zai shiga gonar kowa. Da rafi ya fara ja da baya, sai na yanke cewa kowa zai jira kwana shida maimakon uku. A zaurena na yanke wannan hukunci, ina zaune a kan tabarma, ban ko leƙa fadamar ba. A ganina na yi adalci, tunda ban fifita kowa ba.

Washegari da hantsi ina ƙoƙarin tayar da babur zan tafi kasuwar Maƙarfi, sai ga wani dattijo, aminin marigayi babana, wanda gonarsa take can ƙarshen hanyar ruwa. Mutum ne da ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai an gama gaisuwa tsaf. Na san halinsa sarai, tun ina yaro.

"Ina kwana, Baba?" na ce, ƙafata tana kan babur.

"Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya jikin mahaifiyar taka?"

Bai kai ƙarshe ba wayata ta yi ƙara. Na ce, "Baba, sai na dawo."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

Bayan kwana biyu ya sake zuwa, ya same ni da baƙi. Na amsa masa sama-sama, a raina ina cewa tsohon nan ba shi da aiki sai gaisuwa.

Ranar da layinsa ya zo na bi ruwan har gonarsa. Ashe jigawa ce, rairayi zalla, ba ta riƙe danshi kamar tamu. Ashe kuma ana gobe zan yanke hukuncina ya yi dashen tumatir. Duk ya kwanta, ya bushe ƙayau, lokacin sake dashe kuma ya wuce. Kunya ta rufe ni.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ai na zo, ɗana, har sau biyu. Ba mu gama gaisawa ba ne."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Minti biyar kawai yake nema a wurina, na hana shi.

Da tumatir ya nuna, na je gonata na tarar da dattijon cikin masu ƙwadago, a sunkuye, yana cika kwandona. Ya miƙe da ƙyar ya fara gaishe ni. A ranar na tsaya har ya kai ƙarshe, na kuma ci gaba da jira in ji ko akwai maganar da za ta biyo baya. Sai kawai ya koma tsinkar tumatir.