Sistar da Ke Raba Alawa a Ɗakin Masu Ciwon Suga

Kafin ta ɗora ruwan shayi, kafin ma ta leƙa ta ga yadda gari ya waye, Sista takan zauna a bakin gado ta soki gefen yatsarta. Ɗigon jini ɗaya take matsowa a kan ɗan tsinken awo, ta jira na'urar ta faɗi nata. In lambar ta yi daidai, ta ce alhamdu lillahi. In ta haura, ta harari na'urar ta ce, "To, na ji. Jiya na ƙara loma biyu, sai ki kai ni ƙara." Daga nan ta buɗe firij ta ɗauko insulin, ta zaɓi wurin da ba ta soka jiya ba a fatar cikinta, ta yi allurarta. Sai karin kumallo a kan lokaci, ko da kuwa baƙo na ƙwanƙwasa ƙofa. Abu na ƙarshe kafin ta rufe gida shi ne ta cika aljihun farar rigarta da alawa.

Tana da shekara goma sha tara likita ya gaya mata cewa jikinta ya daina yin insulin, kuma allura ta zama abokiyar zamanta har abada. Yau shekararta sittin. Talatin da biyar daga ciki ta yi su tana aikin jinya, mafi yawansu a ɗaki na ƙarshe na doguwar barandar asibiti, inda masu ciwon suga ke taruwa ranar Talata da Alhamis. Benci uku ne a ɗakin, da sikeli, da wata fanka mai kuka kamar ana bin ta da sanda, da kwandon lemo a kan tebur. A jikin lemon nan ɗaruruwan mutane suka koyi riƙon allura kafin su kai ta jikinsu. A ƙarshen watan jiya Sista ta ajiye aiki.

Sista Mai Alawa ake kiran ta, kuma sabon zuwa yakan yi tsammanin ba'a ce. Ina alawa ina ɗakin masu suga? Wata tsohuwa da 'yarta ta kawo ta ranar farko ta ga an miƙo mata guda uku, sai ta ja mayafi ta ce, "'Yar nan, gwada ni kike yi ko kashe ni za ki yi?"

"Iya, ba ta sha ba ce yanzu. Ta ajiya ce, ranar da kika ji jiki na rawa. Miƙo yatsa."

"Ni fa tsoron tsinken nan nake."

"To mu soka tare. Ni nawa, ke naki. Wadda ta yi kuka ita za ta share ɗakin nan."

Tsohuwar ta yi dariya har ba ta san lokacin da aka gama ba.

Amma abin da ya bambanta Sista da sauran ma'aikata wata tambaya ce da ba ta taɓa tsallakewa. In ta gama koya wa mutum awo da allura da lokacin cin abinci, sai ta ajiye biro ta ce, "Da wa kake kwana, da wa kake wuni? Kawo min su." A ganinta mai ciwon rabin ɗalibi ne kawai. Ranar da suga ya faɗi ƙasa, kansa ne ke fara rikicewa, don haka ilimin da ke kansa ba zai cece shi ba sai wanda ke kan na kusa da shi. Ta zaunar da mazaje da mata da surukai a kan bencin nan, ta koya musu kamar 'yan aji ɗaya.

Wani kafinta da ake kira Dogo ya cika rabin wannan sharaɗi. Ya kawo matarsa, amma abokan aikinsa a shagon kujeru bai kawo ko ɗaya ba. Abin da ya gaya musu kawai shi ne yana da suga. Su kuwa da yake suna ƙaunar sa, sai suka ɗaura ɗamarar tsaron sa. In an kawo lemon kwalba, a tsallake shi. In ya kalli shayin wani, a ce masa kul. Shugaban masu tsaron shi ne wani dattijo mai fenti, wanda suka shekara goma sha biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa.

Wata rana aikin gaggawa ya taso, teburan makaranta ne da za a ɗauka kafin la'asar. Dogo ya yi allurarsa da safe kamar kullum, ya ɗan taɓa abinci, ya fito. Ya yi ta ɗaukar katako, rana ta take, lokacin cin abinci ya wuce ba wanda ya lura. Sai hannunsa ya fara rawa, gumi ya keto masa. Ya gane abin da ke faruwa. Ya laluba aljihu, ashe alawar tana cikin wandon jiya. Ya kai hannu ga kofin shayin mai fenti, dattijon ya yi wuf ya fizge.

"Ba ni, Baba. Suga nake so."

"Ka ji shi! Suga yake so. Ba da hannuna za a kashe ka ba, ɗana."

Ya kelaya shayin a ƙasa, ya ɗebo masa ruwan sanyi. Dogo ya soma faɗa, harshensa na harɗewa, suka ce ai ga ciwon nan ya tashi, a ƙara nesanta shi da zaƙi. Bai kai ga benci ba ya yanke jiki ya faɗi, tazarar kamu ɗaya tsakanin kansa da injin yanka katako da ke juyawa.

A asibiti aka ɗaura masa ruwa mai suga, ya farfaɗo garau. Amma da ya koma aiki, mai shagon ya ja shi gefe ya ce ya je gida ya huta tukuna. Dogo ya san ma'anar irin wannan hutun. 'Ya'ya huɗu gare shi, kuma ban da zarto da guduma bai iya komai ba.

Ranar Alhamis ya zauna a ƙarshen benci har kowa ya watse, sannan ya ce, "Sista, na yanke shawara. Allurar nan ita ta kayar da ni. Zan daina, in gaya wa Maigida na warke."

Waɗanda suka yi aiki da ita sun san ba ta katse mai magana. Ta bar shi ya zazzage cikinsa tas, har ya kai ga kofin shayin. Nan ne ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na motsi.

"Dariya ma kike yi, Sista?"

"Yi haƙuri, ƙanena. Mutanenka masu kirki ne, saura kaɗan kirkinsu ya kai ka lahira. Allura kam ba za ka daina ba, in ka daina sati ba za ka yi a tsaye ba. Ina shagon naku yake?"

Ranar Asabar, ranar hutunta, ta sauka daga mota a bakin shagon, ta ratsa ta cikin garin katako da takalminta mai tsabta. Ta gaida Maigida, ta roƙe shi a kashe inji na minti ashirin. Ma'aikata bakwai suka kewaye ta.

"Wane ne ya ƙwace kofi?"

Mai fenti ya matso yana buga ƙirji. "Ni ne, Sista. Kuma gobe ma in ya sake, zan ƙwace."

"Allah ya saka maka da alheri a kan niyya, Baba. Amma zauna ka ji." Ta jawo kujerar da ba a gama ba ta zauna. "Insulin ɗin da Dogo ke yi kamar lebura ne marar jin magana. An ɗauke shi ya kwashe suga daga cikin jini. In abinci ya zo, ya sami abin kwasa, lafiya lau. In abinci bai zo ba, ba ya zama ya huta, ɗan abin da ya rage yake kwashewa, har kai ya rasa na aiki. Ranar nan suga ba yawa ya yi masa ba, ƙarewa ya yi. Shayin nan da ka zubar shi ne maganinsa."

Dattijon ya cire hula ya mayar. "Wato ni ne na..."

"Kai ne ka yi abin da ka sani. Yau za ka san wani."

Ta lissafa musu alamomin: rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa ta farat ɗaya, mutum mai haƙuri ya koma mafaɗaci. In sun ga haka, a zaunar da shi, a ba shi alawa uku ko huɗu, ko suga cokali uku a ruwa, a jira minti goma sha biyar a sake awo, sannan ya ci abinci. In kuwa ya riga ya suma, kada a zura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Maigida ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Sista, ni ba mugu ba ne. Amma zarto bai san marar lafiya ba. In ya faɗa kansa, me zan gaya wa matarsa?"

"Gaskiyarka, Maigida. Da ni ce ma sai na ji tsoro." Ta buɗe jaka ta fito da na'urarta, ta soki yatsa a gabansu, ta nuna musu lambar. "Ciwon Dogo ne da ni, tun kafin a haifi rabin yaran nan. Da wannan hannun nake neman jijiyar jariri in sa masa allura. Ban ce ka yarda da ni ba. Abu uku nake roƙo. Ya ci abinci a kan lokaci ko da wa ke jiran kaya. Ya yi awo kafin ya kunna inji. A kafa gwangwanin alawa a bango kusa da makunni. Ni kuma zan kai shi wurin likita a daidaita masa allurar ranakun aiki mai nauyi."

"Gwangwanin alawa a shagon nan?" wani daga baya ya ce. "Ai kafin azahar ya zama fanko."

"Wanda ya taɓa shi, da ni zai yi," in ji mai fenti, yana zare ido.

Maigida ya murza tef ɗin awo a hannu. Can ya ce wata ɗaya na gwaji, kuma a watan nan Dogo ba zai kusanci inji ba, sai haɗa kujeru.

A sati na uku abin ya sake tasowa. Dogo na buga ƙusa sai ya soma kuskure, yana tsaki, yana yi wa katako masifa. Mai fenti ya jefar da buroshi, ya zaunar da shi, ya ɓare alawa huɗu da hannunsa mai fenti, ya tsaya a kansa yana kallon agogo kamar alƙalin wasa. Bayan minti goma sha biyar aka yi awo, lamba ta hau. Dogo ya ci abinci, ya miƙe ya ɗauki gudumarsa. Maigida na tsaye a bakin ƙofa, ya ga komai. Da wata ya cika bai yi wani jawabi ba, makullin ɗakin inji kawai ya miƙa wa Dogo.

Sista, ke ce kika gane cewa mai allura ba shi kaɗai yake ɗauke da ciwonsa ba, har da duk wanda zai iya miƙa masa kofi ko ya hana shi. Ke ce kika ɗauki darasin daga kan tebur kika kai shi inda mutane ke neman abincinsu, ba wanda ya aike ki, ba wanda ya rubuta miki shi a takardar aiki. Uwar masu allura, mai koyarwa ba tsawa.

Shekara shida ke nan da wannan Asabar ɗin. Ranar da aka yi mata ɗan taron sallama a barandar asibiti, Dogo bai samu zuwa da wuri ba, yana kan inji yana ƙarasa aiki. Maigida ne ya fara isowa. Da aka ba shi dama ya yi magana, ya ce shi bai iya jawabi ba, abu ɗaya zai faɗa. Bara wani mai ɗinkin kujeru ya zo neman aiki, yana ta kame-kame, daga ƙarshe ya furta cewa yana yin allurar suga, shaguna biyu sun kore shi a kan haka. "Na ce masa, in dai wannan ne, ka zo gidan da aka iya. Gobe ka fara."

Mun gode, Sista. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya mai ɗorewa, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Mu kuma da muka rage, duk wanda ke da mai ciwon suga a gida ko a wurin aiki, kada ya tsaya a kan tausayi kawai. Ya raka shi asibiti ko sau ɗaya ne, ya zauna a benci ya saurara, ya tambayi abin da zai yi ranar da jikin ɗan'uwansa ya fara rawa.