Shekarar da na auna ruwan feshi da kofin shayi

A shekarar ne wakenmu ya yi fure kamar ba a taɓa yi ba, a 'yar gonar bayan gida da ke kan hanyar Bici. Shi muka sa wa ido, don geron ya riga ya ba mu kunya. Sai tsutsa ta shigo.

Maigida ya sayo maganin feshi, ya aro famfon goyo wajen maƙwabci, famfon tsoho ne, duk rubutun jikinsa ya goge. Mai maganin ya ce masa gwangwanin madara ɗaya a ruwa galan huɗu. Galan ɗinmu kuwa ya fashe tun rani.

"Ke da kika yi sakandare, kofi nawa ke cika galan?" ya tambaye ni.

"Sha shida," na ce. "Huɗu kuwa sittin da huɗu ke nan."

Haka aka koya mana, ban manta ba. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne wane kofi. Kofinmu na silba, wanda ya yi daidai da awon, yana kan randar ruwan sha, na ƙi kai shi kusa da guba saboda yara. Na ɗauko wani ɗan kofin shayi mai tsaga da ba ma amfani da shi, na yi bisimilla, na ƙirga har sittin da huɗu.

Ya leƙa cikin famfon. "Anya? Ko rabi bai kai ba."

"Famfon ne babba, Malam."

"To, malama ta faɗa," ya ce yana dariya, ya goya ya fita.

Kwana biyu ganyen ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone. A na uku na je da kaina na tarar furen a ƙasa, fari fat tsakanin kunya. Na dawo na cika kofin silba, na juye a na shayin. Sau biyu ya cika, har da saura. Na zauna a bakin murhu, na kasa hura wuta.

Da na gaya masa, ya daɗe yana kallon kofunan. "Allah bai rubuta za mu ci ba," ya ce. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Kwano uku muka ɗauka a gonar. Surukata ta tambaye shi a gabana me ya sami waken, ya ce tsutsa ce ta fi ƙarfin magani. Na buɗe baki zan yi magana, ya miƙo min buta ya ce in zubo masa ruwa.