Ragon da Muka Kai Mayahi Shaida

Hawandawaki

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da Kawu Ila da ragonsa na layya. Ga dalili. Watan jiya wani abokinsa ya saya masa abinci a Mayahi, a rumfar wani Habu da ya taɓa koyon gyaran famfo a Japon ya dawo da girkinsu. Nama ne ake bugawa ya yi faɗi, a tsoma cikin ƙwai, a birkiɗa da garin burodi, a soya. Kawu ya dawo yana santi har ƙofar masallaci. Sai wani mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko, ya duba waya, ya ce ai mutanen Japon da alade suke yinsa.

Tun ranar Kawu bai ƙara tsayawa sahun gaba ba, har ya rame, abin tausayi. Shi ne ya yanke shawara: zai yanka ragonsa da hannunsa, a soya yana gani. In ɗanɗano ya zo ɗaya, to naman rago ne ya ci wancan karon.

Tasawa

Baburan kabu-kabu biyu suka ratsa rairayi da mu, rago a cinyata. A tasha direba ya ce a ɗaure shi saman mota.

"A'a," in ji Kawu. "In na ɗauke ido, wa ya san mi za a musanya mani?"

Aka biya wa rago kujera, ni na zauna kan buhun wake.

A shinge jandarma ya leƙo. "Baba, kasuwa za a kai shi?"

"Shaida za ya yi."

Ya dubi rago, ya dubi Kawu, ya ce Allah shi ba mai gaskiya sa'a.

Mayahi

Da azahar muka sauka. Da muka faɗa wa Habu abin da ya kawo mu, ya riƙe baki. "Haba Baba, ina zan samu alade a Mayahi? Ko na magani babu!"

Kawu ya ce a kawo wuƙa.

Aka yanka, aka feɗe, aka soya, Kawu na tsugune bakin kasko ko ƙiftawa ba ya yi. Aka jero yanka-yanka kan shinkafa da ganyen shu, wato kabeji. Ya yi bismilla, ya tauna.

"Innalillahi! Wancan ya hi daɗi."

Can wata tsohuwa mai sayar da fura a gefe ta ajiye ludayi.

"Malam, wancan wa ya biya?"

"Abokina."

"Wannan fa?"

"Ragona ne."

"To ina za su zo ɗaya? Ka taɓa jin na kyauta bai hi daɗi ba?"

Kawu ya ce a ƙaro.

Gida

Washegari muka iso da fata da kai da ƙafafu, na sami kujerata. Alhamdulillahi, godiya ga Habu da Iya mai fura, Kawu ya koma sahun gaba. Layyar bana kuwa, mun riga mun cinye ta da garin burodi.