Anti Ozella Mai Ba da Aron Miji

A garinmu, can cikin gonakin audugar Mississippi, duk macen da cikinta ya tsufa wuri biyu take zuwa kafin asibiti. Ta je coci a yi mata addu'a, sannan ta je shagon Anti Ozella Crump a yi mata shiri. Kitso ne sana'ar Anti Ozella. Gajeriya ce mai jiki, hannunta da ƙwari, in ta kama gashinki sai kin tuna zunubanki. Amma ba kitson ne ya fito da sunanta ba, wani kabad ne da ke bayan shagon.

Haihuwa ɗaya ta taɓa yi. Ranar da naƙudar haihuwar 'yarta Denitra ta kama ta, tana tsakiyar suyar tarwaɗa, don haka ta isa asibiti da silifa da ɗankwali, tana ƙarnin kifi. Ta sauka lafiya, sai jini ya ɓalle. Ta faɗa wa nas, nas ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ai ku baƙar fata akwai juriya, yanzu za ki miƙe." Ta kuwa miƙe don ta nemo wanda zai saurare ta, ta yanke jiki ta faɗi a baranda, daidai ƙafar wata farar mata da ta kawo wa surukarta furanni. Matar ta yi ihu, kuma nata ihun an ji shi. Aka ceci ran Ozella, aka cire mahaifar.

Da ta warke ta zauna ta yi nazarin abin, ta yanke hukunci cewa laifin silifa ne. "Silifar suka gani, ba su ga mutum ba," in ji ta.

Daga nan ta fara tara kaya a kabad. Akwai kwat shuɗi mai duhu da tela ya buɗa don ya ɗauki mai ciki, da jakar fata, da tabarau wanda gilashinsa da na taga duk ɗaya ne, da zoben aure manya da ƙanana saboda yatsun mai ciki kumbura suke. Ba ta karɓar ko sisi. Sharaɗinta kawai ki zauna ki ɗauki darasi. Ni ma na zauna, lokacin cikin ɗana na fari.

"Kada ki ɗaga murya," ta ce mini, "sai su rubuta ke mafaɗaciya ce. Kada kuma ki yi shiru, sai su rubuta lafiyarki ƙalau."

"To ya zan yi, Anti?"

"Ki ji ciwon da ladabi, 'yar nan."

Babban kayan aron shi ne mijinta, Kawu Purvis, dattijon coci da ya yi ritaya daga gidan waya. Wadda ba ta da miji, ko nata yana tuƙin tirela a Texas, ko yana gidan yari, sai a haɗa ta da shi. Aikinsa ya ɗaura taye a wuya, ya tsaya kusa da gado yana duba agogo yana gyaran murya, kamar mutumin da ya san lauya. Wata nas ta taɓa tare shi ta ce, "Mista Crump, ba kai na gani watan jiya da wata matar ba?"

Ya ce, "Ubangiji ne ya ce mu hayayyafa, baiwar Allah."

Ko dabarar tana aiki, babu wanda zai iya rantsuwa. Yawancinmu mun dawo da jariranmu muna yabon kwat. Claretha Boyd ta tafi a cikinsa ba ta dawo ba, aka kawo jaririn a hannu, kwat ɗin a leda. Anti Ozella ta daɗe ba ta buɗe shago ba. Da ta buɗe, sai ta riƙa gaya wa duk wadda ta zauna a kujerarta cewa Claretha ta manta da tabarau a kan tebur. Ba mu musa mata ba.

Ita kuwa Denitra dariya kabad ɗin yake ba ta. Ta yi karatu har ta zama lauya a birni. Tabarau ɗinta na gaske ne, zobenta na gaske, mijinta Cedric ma nata ne na kanta, ga inshorar lafiya mai tsada. Da ta sami ciki, uwar ta ɗauko kwat ta kai mata har gida.

"Mama, ina da irinsa cike da ɗaki. Kuma asibitin da za ni, sai kin gani. Har da kifaye a cikin gilashi."

"Kifayen ne za su duba ki?"

"Ni nake kai mutane kotu, Mama. Sun san ni."

Ta haifi 'ya mace, aka sallame ta. Ba a yi mako ba kanta ya fara sarawa, ƙafafunta suka kumbura, idonta yana ganin walƙiya. Ta kira asibiti, aka ce sabbin iyaye akwai fargaba, ta samu ta yi barci. Washegari da rana Anti Ozella ta dubi fuskarta, ta ce da Cedric ya fito da mota.

A ɗakin jira Denitra ta yi duk abin da uwarta ta shekara tana koya wa matan gari, ita da ba ta taɓa zama darasin ba. Ta yi magana a hankali, ta faɗi aikinta, ta bayyana ciwon dalla-dalla. Matar da ke teburin karɓar marasa lafiya ta tambaye ta ko tana shaye-shaye. Ta ce a'a. Aka sake tambayarta da wasu kalmomin, aka ce ta zauna za a kira ta. Cedric ya tsaya yana duba agogo yana gyaran murya, ba wanda ya ɗago kai. Suna nan zaune gaban kifayen, Denitra ta juyo za ta ce "Mama", sai bakin ya karkace.

Anti Ozella ta ajiye jakarta. Ta tako tsakiyar ɗakin, ta zube ƙasa da duk nauyinta, ta kwanta rigingine a bakin ƙofar da likitoci ke wucewa, ta ɗauki waƙar jana'iza da muryar da take jan mawaƙan coci da ita. Mai gadi ya zo, baƙi ne ɗan'uwanmu, ya durƙusa.

"Anti, don Allah ki tashi, aikina za ki ci."

"Ɗana, in za ka iya ɗaga ni, bismilla."

Ya gwada, ya haƙura. Wani likita ya fito neman mai damun marasa lafiya. Ba yadda zai wuce sai ya tsallake ta, ita kuma ta riƙe ƙafar wandonsa tana nuna 'yarta. Da aka auna aka ga jinin Denitra ya hau, sai ga gudu, sai ga gadon turawa, sai ga mutane suna kiranta da sunanta. Ta rayu. Hannunta na hagu dai bai dawo daidai ba, kuma da na dama kaɗai ta raini 'yarta.

Asibitin ya nuna damuwa matuƙa. Aka kafa kwamiti, aka ware wata guda na tunawa da iyaye mata baƙar fata, aka gayyaci Anti Ozella bikin buɗewa. Ni na raka ta. Wani mutum ya haska zane a bango, ya bayyana mana cewa mata irinmu sun ninka fararen mata wajen mutuwa a haihuwa kusan sau uku, kuma karatu ko albashi ba ya rufe tazarar. Aka tafa masa. Kwamitin ya ba da shawarar mu rage gishiri, mu kuma koyi faɗin abin da ke damunmu. Aka yanka kek. Anti Ozella ta ɗaga hannu za ta yi magana, shugabar taron ta ce lokaci ya ƙure, amma ana so a ɗauki hotonta.

Hoton yana nan har yau a bakin ƙofar asibitin, ya fi ta tsawo, an rubuta a ƙasansa, "Muna sauraron ki." Mai gadin nan ya raɗa mana cewa akwai wani hoton nata ƙarami a ofishinsu, cikin mutanen da aka ce a sa wa ido in sun shigo.

Da muka dawo gida ta kwashe kayan kabad ta kai coci a raba wa mabukata. Kawu Purvis ya ce shi kuma fa. Ta ce ya huta, ya yi aure ya isa.

Yanzu ita take raka mata da kanta, ita da wasu manyan matan coci, waɗanda ta zaɓo don nauyinsu, da sikeli a ido. Mukan kira su 'yan kwanciya. Sau tari zamansu kawai a ɗakin jira, hannu a naɗe, yakan sa a tuna inda aka ajiye abin awon jini. Wani lokacin kuma sai an kwanta.

Gwiwoyinta sun gaji, shekaru sun ja, don haka ta koma horarwa. Ranar Alhamis bayan an gama gwajin waƙa, ana shimfiɗa katifar yara a zauren coci, ita tana kan kujera da sandarta. Makon jiya na tarar tana gyara wa Sista Earlene, wadda ta faɗi a hankali tana tattare siket.

"Earlene, wannan faɗuwar masu kunya ce, tsallake ki za su yi. Ki fara da gwiwa, ki kare ƙugu, ki baje sosai. Tashi ki sake."

Earlene ta tashi tana haki ta ce, "Anti, in suka kira 'yan sanda fa?"

"To ki ce su zo da abin awon jini."